Ranar da Muka Tafi Sa Kayan Salla

Wata Laraba ce bayan girbin dawa, a shekarar da na shiga aji uku. Muna gonarmu ta bakin fadama, ni da Kaka da matan gidanmu muna tattara kara, Baba yana ɗaure dami, sai ga motar gwamnati ta tsaya. Wani mutum ya fito da na'urar hoto mai ƙafa uku, ya kafa ta tana fuskantar gonaki. Ni da rawar kaina na ruga gona-gona ina shela: "Za a ɗauke mu hoto!"

A garinmu ba a tsayawa gaban mai hoto da kayan aiki. Kaka ta dubi zaninta da ya sha ƙaiƙayi ta ce, "Wallahi ba za a kai ni birni a haka ba." Nan da nan kowa ya yi gida. Aka buɗe akwatuna, aka zaro kayan Salla, Baba ya sa babbar rigar da yake ji da ita, ni kuma na kafe sai an sa mini kwalli. Har awaki muka kora gida, kada su ɓata mana hoto. Da muka dawo muna ta ƙamshin turare, ba mota ba mai hoto, sai sawun taya.

Ranar dariya muka sha. Bayan damina biyu aka kira Baba ofis, aka ce za a gina madatsar ruwa da za ta cinye gonarmu. Da ya ce gonar kakanninsa ce, sai suka ajiye masa hoton a kan tebur: fili fetal, tsamiyarmu tsaye ita kaɗai, a ƙasa an rubuta wai ba a noma wurin. Har Baba ya rasu bai taɓa ɗora mini laifi ba. Ni ce dai na kasa yafe wa bakina.

Yanzu aikin jinya nake a garin Springfield na Amurka. Kwanan baya na kai 'yata Hanifa wani gidan tarihi a Washington, inda aka rataye tsofaffin hotunan yammacin Amurka da masu awon ƙasa suka ɗauka: duwatsu, koguna, ba ko mutum ɗaya. Jama'a sai yaba kyan wurin suke. Hanifa ta tambaye ni da Turancinta ina mutanen suke. Na ce mata da Hausa, "Sun tafi sa kayan Salla." Ta yi dariya, ni kuwa na nemi benci na zauna.

Tsamiyar nan tana ƙarƙashin ruwa yanzu, kuma ba mu da hoton Kaka ko guda.