Rigar Ba Modu da Kaskon Turarena

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar nan ba, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah. Mu huɗu ne a wurin: ni Ya Fanna, babbar mai shara, Dakta Kyari, shugaban ɗakin baje kayan tarihi, Bukar maigadi, wanda ba ya gajiya da murza gashin baki, sai Ba Modu, tsohon maharbi daga Bulabulin. Na biyar ɗinmu da azahar ya iso, a cikin keke, da igiya a wuya.

Ku da kuka kama aikin shara kwanan nan, ku buɗe kunne. A wannan 'yar cibiyar al'adu tamu ta Gomari, mai shara ba ta da kujera. Kwantiragi ne, shekara-shekara, kuma sai shugaban ɗaki ya sa hannu ake sabuntawa. A lokacin, nawa a ƙarshen watan zai ƙare, ga jikoki marayu a gabana.

A shekarar Dakta ya shirya baje kolin abubuwan da mutanen dā suke nuna mazantaka da su. Washegari Alhamis za a buɗe, da manyan baƙi. Akwai ƙahonin bijimi, wai a wani tsibiri samari tsallake bayansa suke yi don a san sun isa. Akwai fatar zaki da kulki na wani jarumin Girka. Akwai guduma, wai ta abin bautar wasu mutanen ƙasar sanyi ce, da ita yake tsawa. Sai kan wani sarkin Masar na yumɓu, an kitsa masa gemu da kaba, an rina baƙi, an ɗaura da zare.

Na ce, "Dakta, sarki guda, gemu ma sai an ɗaura masa?"

Ya ce, "Haka al'adarsu take, Ya Fanna. Alamar iko ce."

Na ce, "Allah ya kyauta."

Duk waɗannan kwaikwayo ne, a nan garin aka ƙera su. Abu ɗaya ne na gaske: rigar farautar Ba Modu, wadda ya gada tun daga kakansa, layu sun rufe ta gaba da baya. Dakta ya sha zarya kafin tsohon ya yarda ya ba da aro, kuma da sharaɗi biyu: ruwa ba zai taɓa ta ba, hannun mace ba zai taɓa ta ba. Wai ƙarfinta karyewa zai yi. Ni ban ji haushi ba. Ko an roƙe ni ba zan taɓa ba.

Matsalar wari ce. Jama'a, na wanke bayan gida a tashar mota, na san wari. Amma gumin maza uku, kaka da ɗa da jika, da jinin namun daji, a rufaffen ɗaki da zafin Maiduguri, wannan daban ne. Na share, na goge, na buɗe tagogi. Da na dawo, sai na ji kamar wani abu ya mutu a rufi. Na san ranar buɗewa baƙi za su toshe hanci, kuma ba za su tambayi sunan mai riga ba, sunan mai shara za su tambaya.

Saboda haka ranar Larabar da sassafe na zo da kaskona da ka'aji, turaren wutar nan namu na amare, wanda nake haɗawa da hannuna da itacen hawi da sandal daga Kasuwar Litinin. Na ajiye kasko a ƙasa, daidai ƙarƙashin inda aka rataye rigar, na rufe tagogi, na ja ƙofa. Ban taɓa ta ba. Ko gefen zanena bai goge ta ba.

Da hantsi Ba Modu ya zo duba kayansa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya shaƙa, ya dubi Bukar.

"Wa aka kawo amarya a nan?"

Ya isa ga rigar, ya cusa hanci a hammatarta, sai ya saki salati. "Dakta! Rigar da kura take ji ta canja hanya? Yanzu in na sa ta, 'yan'uwana maharba guɗa za su yi mini! Barewa daga Konduga za ta jiyo ni!"

Na ce, "Ba Modu, hannu ka hana, ruwa ka hana. Ka ambaci hayaƙi?"

Ya ce, "Hayaƙin kaskon mace ai hannun mace ne, tsawo kawai ya ƙara!"

Ya fara sauke rigarsa zai tafi. Dakta ya riƙe shi yana ba da haƙuri, sannan ya juyo kaina, idonsa ja. Ya ce, "Ya Fanna, kin haife ni, amma in rigar nan ta fita, ba zan sa miki hannu ba. Kuma kada ƙafarki ta sake taka ɗakin nan sai na ce." Na ce na ji. Na ɗauki kaskona na fita.

Aka daɗe ana lallashi, har Ba Modu ya ce akwai gyara guda: a nemo tsohon bunsuru, wanda ba a fiɗiye ba, a ɗaure shi jikin rigar har warinsa ya kori ƙamshin. Ina tsammanin Dakta zai ƙi. Ashe murna zai yi. Wai ai bunsuru ma babbar alamar mazantaka ce a wurin mutanen dā, har suna da abin bauta mai ƙafar akuya. Nan take ya tura Bukar kasuwar dabbobi.

Bukar ya dawo da wani baƙin tsoho mai dogon gemu, wanda mai keke ya rantse ba zai sake ɗaukar irinsa ba. Ba Modu ya sauko da rigar, ya goga ta a wuyan dabbar, ya ɗaure shi a ƙafar tebur. Da aka kira la'asar, su uku suka tayar da salla a gindin dogonyaron tsakar gida. Ni na riga na yi tawa, ina zaune a bakin ƙofar ɗakin, daga waje.

Suna kabbara, bunsuru ya fara tauna igiya. Kafin su yi ruku'u ya kwance. Ya shinshina fatar zaki, bai so ba. Ya tunkuyi guduma. Sai ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan teburin sarkin Masar, suka dubi juna, ya kama gemun kaba ya fara ci daga ƙasa.

Na ce, "Kai! Kss!" Ya kalle ni, ya ci gaba. An hana ni shiga, kuma ni ba na katse wa mutum salla saboda gemun kaba. Na gyara zama. Har zaren ya haɗiye.

Da suka sallame na ce, "Dakta, baƙonka ya yi wa sarki aski."

Ya shiga da gudu, ya ɗora hannu a ka. Wanda ya kitsa gemun ya tafi garinsu hutun salla. Bukar ya ce shi bindiga ya iya. Ba Modu kuwa ko a jikinsa, yana can yana shaƙar rigarsa yana cewa, "Yauwa, ta dawo hayyacinta." Ya ce ya bar ta har a gama baje kolin.

Dakta ya fito, ya tsuguna kusa da ni. "Ya Fanna, kin iya kitso?"

Na ce, "Na kitsa kan amare tun ba a yaye ka ba. Amma shi wannan sarkin, bai hana hannun mace ba?"

"Bai hana ba."

"Ƙafata fa?"

"Ki shiga. Kwantiraginki kuma yau zan sa hannu, kafin magariba."

Abin da na koya ke nan, kuma ku riƙe shi: a gidan tarihi datti ma yana da mai shi. Kafin ku goge tsatsa ko ku kori wari, ku tambaya, domin wani namijin duk abin da ya gada ke nan.

Washegari na riga kowa zuwa, da almakashina da baƙin zare. Na tarar da bunsurun a bayan ɗakin maigadi, na matse kansa a hammata, na datse gemunsa tun daga tushe, tunda shi ya ci na mutane. Na wanke gashin da sabulu, na kitsa shi da zare siriri-siriri, na ɗaura wa sarki a haɓa. Sannan na share kashin akuya, na buɗe tagogi duka, na tsaya nesa da riga ina jiran baƙi.