Waƙar Dakan Yayata da Na Goge

Akwai abin da nake so a ce ban yi ba, kuma a idon mutane ba babban abu ba ne. Na sa yatsa a kan waya na goge muryar yayata. Ba kuskuren hannu ba ne. Da gangan na yi, ina ganin gyara nake yi.

Mu biyu muka rage cikin 'ya'yan mahaifiyarmu. Ta girme ni sosai, ita ce ma ta goye ni. A unguwar Ridina aka haife mu, a gidan da kakanmu ya gina lokacin da fataucin goro ya kawo shi garin nan na ƙasar Cadi. Kakarmu ta zo da waƙoƙin daka daga ƙasar Hausa, mahaifiyarmu ta koya a wurinta, yayata ta koya a wurin mahaifiyarmu. Daga kanta babu wanda ya ɗauka. 'Ya'yanmu Larabci ya fi musu sauƙi a baki, gero kuma inji ake kai shi.

Da zafin bazara 'yata ta haihu, yayata ta taso daga unguwarsu Habbena don a daka yajin jego. Ina zaune a zaure da hantsi sai na ji taɓarya ta fara sauka, na ji muryarta ta hau kai. Rabon da in ji waƙar nan tun mahaifiyarmu tana raye. Waƙa ce ta matar da ta ƙetare kogi ta bar 'yan'uwanta a baya, tana aika musu gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Matata da wata maƙwabciyarmu suna amsawa. Ban daɗe da koyon ɗaukar murya a waya ba, sai na lallaɓa na ajiye ta a kan randa, na koma zaure. Ba su lura ba sai matata.

Bayan la'asar na saurara, raina ya ɓaci. Ƙarar turmi tana danne wasu kalmomi. Akuya tana kuka. Barkono ya shaƙe matata tana ta tari, su kuma suna yi mata dariya. A wani wuri yayata ta manta baiti, ta cike gurbin da Larabci, maƙwabciya ta ce mata, "Hajiya, kogin ma kin mayar da shi Balarabe!" Suka sake fashewa.

Ga gaskiyar abin da ya dame ni. A kasuwa akwai wani ɗan kasuwa da ya zo daga Nijeriya ba da daɗewa ba, rumfarsa tana kusa da tawa. Kullum yana tsokanata wai Hausarmu ta sha ruwan Cadi ta salamce. Shi nake so in kunna wa waƙar, ya ji cewa mu ma muna da abin gado. Na ce a raina idan ya ji wannan hayaniya ai na ƙara ba shi abin dariya. Na goge, na roƙi yayata ta ƙara kwana ɗaya mu yi mai kyau.

Washegari da safe na share ɗakina, na rufe taga, na kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Na ce wa matata kada kowa ya yi motsi a tsakar gida. Na shimfiɗa wa yayata darduma, na ɗora wayar a kan matashi a gabanta.

Ta duba hagu, ta duba dama. "Ina turmin?"

"Babu turmi yau, Yaya. Shi yake rufe miki murya."

"To wa zai amsa mini?"

"Ke dai ki yi taki. Amshin ba dole ba ne."

Ta yi 'yar dariya. "Alhaji, a zaune zan yi waƙar daka, kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa?"

Amma ta fara, don ba ta saba ƙin abin da na roƙa ba. Muryar da ta cika gida jiya ta fito siririya tana rawa. Idonta yana kan wayar kamar za ta cije ta. Idan ta kai inda ake amsawa sai ta dakata, ta ji shiru, sai baitin gaba ya ɓace mata. Ta fara buga gwiwa da tafin hannu don ta samo saukar taɓarya, na ce ta daina, waya tana ɗauka. Ta naɗe hannuwanta a cikin mayafi.

Mun sake ya fi a ƙirga. Ta yi tari, na goge. Ta sa kalmar Larabci, na goge. Zufa tana zubo mana mu duka. Akwai sau ɗaya da ta rufe ido ta manta da ni, ta yi waƙar tun daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe. Da na duba wayar sai na ga ban danna wurin ɗauka ba. Na ji kunyar in faɗa. Na ce mata, "Saura ɗan gyara kaɗan, mu sake." Ta ɗauka ita ce ta ɓata. Wannan ƙaryar ta fi komai ci mini rai.

Ta goge fuska da gefen mayafi ta ce, "Matarka ta ce ka ɗauki ta jiya. Kunna mini in ji inda nake tashi."

"Na goge ta, Yaya. Hayaniya ta yi yawa."

Ta kalle ni ta ce, "Har dariyar tamu?"

Ta dafa bango ta miƙe, ta ce, "Kalas, shi ke nan. Na tsufa, ƙanena. Ka nemi masu murya." Ba ta jira abincin rana ba, ta sa aka tsayar mata da mai babur ta koma Habbena.

Sau biyu na je na roƙe ta. Ba ta nuna fushi ba, ta ba ni shayi, ta ce a bari zafi ya wuce. Ko sau ɗaya ban ce mata ni ne ban danna ba. Ko sau ɗaya ban ce a kawo turmi a kira mata ba, don har lokacin ina ganin tsarina ne daidai. Da damina ta tsaya, ciwo ya shanye mata ɓarin jiki, ya tafi da harshenta. Ina zuwa in zauna kusa da ita, tana kallona, bakinta yana motsi babu abin da yake fita. Kafin kaka Allah Ya karɓi abarSa. Allah Ya jiƙanta.

Bayan an share makoki na bincika wayar, na sami guntu ɗaya da ban kai ga gogewa ba. Ta yi baiti ɗaya da rabi, muryarta tana rawa, sai ga muryata da ƙarfi: "Tsaya, tsaya, sake." Shi ke nan abin da ya rage. Matata ta riƙe amshin duka, amma baitocin ba ta riƙe ba, don ba ita take ja ba. Na zaga unguwannin Ridina da Gardole ina tambayar tsofaffin mata, kowace ta ce ta san waƙar da ji, ba ta iya jera ta ba.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne, kuma ban rubuta wannan don in koya wa kowa sana'a ba. Roƙo ne kawai. Idan kuna da tsoho ko tsohuwa da ke da waƙa a baki, ku ɗauke su a inda suka saba yi, da aikinsu a hannu da mutanensu a gefe. Idan sun yi tuntuɓe ku bar su su wuce. Idan ku ne kuka ɓata, ku faɗa nan take. Kuma don Allah kada ku goge ta farko kafin ku tabbata akwai ta biyu.