Ranar da Na Auna Jinin Baba

A shekararmu ta farko a makarantar koyon aikin jinya, duk wanda muka auna wa jini lafiyarsa ƙalau. Mukan ɗaura wa mutum ɗamarar awo a damtse, mu matsa 'yar robar har ta cika da iska, mu sa abin sauraro a kunne. Maimakon bugun jini sai mu ji ƙarar fanka da hon ɗin 'yan acaɓa. Sai mu gyara fuska irin ta manya, mu rubuta ɗari da ashirin kan tamanin, tunda shi littafi ya ce na mai lafiya ne. Ajin gaba ɗaya jininmu ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife mu.

Malamarmu, wata tsohuwar nas da muke kira Sista, ba a yi mata wannan wayon. Tana da abin sauraro mai kunne huɗu, ita biyu, ɗaliba biyu. Ranar da ta kama ni ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni ko ni na auna ko littafi. Ta ce in ban ji ba in ce ban ji ba, don ƙaryar nas tana iya kai mutum kabari. Sannan ta ce mu je gida mu auna duk wanda ya yarda ya ba da hannu, har kunnenmu ya buɗe.

A gidanmu da ke unguwar Bagama na samu kasuwa. Na auna Inna, na auna maƙwabta, har wata 'yar haya da ke cewa in duba mata ko tana da ciki. Baba kaɗai ya ƙi. Direba ne, yana kai ma'aikata Abuja kullum, kuma abin alfaharinsa shi ne bai taɓa kwanciya a asibiti ba. Ya ce shi ba zai zama zakaran gwajin dafi ba. Ciwon kan da ke damunsa kuwa, cunkoson hanya yake ɗora wa laifi.

Wata Asabar bayan la'asar Inna ta dame shi da mita, ya miƙo hannu yana dariya. Lokacin kunnena ya fara buɗewa. Na ji bugun farko a ɗari da tamanin, ya ɓace a ɗari da goma. Na koma ɗaya hannun, haka na sake ji.

Tsoro ya kama ni. Adadin littafin nan ya zo min har bakin harshe, domin da shi Baba zai yi dariyarsa kowa ya watse. Kuma ni wace ce, 'yar koyon da aka kama da ƙarya kwanan nan? To amma na ji, kuma sau biyu na ji.

Na ce, "Baba, jininka ya hau sosai. Yau za mu je asibiti, ba gobe ba."

Ya ce ko dai abin awon ya lalace, ko mai awon. Sai ya dubi fuskata, ya ga ba wasa nake ba. Ya ce wa Inna ta miƙo masa hularsa.

A asibiti nas ɗin da ke aiki ta auna, ta faɗi kusan abin da na faɗa, ta aika a kira likita. Tana ta yi masa faɗan me ya sa ya zauna da wannan jini yana tuƙa mutane. Baba ya warware hannun rigarsa a hankali.

Ya ce, "Ai 'yata ta riga ta faɗa min tun a gida. Na zo ne in ga ko ku ma kun iya."

Nas ɗin ta fashe da dariya. Ni kuwa na fita baranda na juya wa mutane baya, na yi kukana.