Ƙwallon Dabino a Cikin Tiyo

"Malam, wa ya koya wa motar nan cin dabino?"

Sale bakanike ne ya jefo mini tambayar jiya a garejinsa a Kazaure, kansa na cikin bonet ɗin tsohuwar a-kori-kurar da marigayi Yaya Habu ya bar mini. Wata biyu ke nan tana rawar ɗari a silo, tana mutuwa a kowace mararraba. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya yi maganar inji.

Ya zaro siririn tiyon da ke jan bawul ɗin mayar da hayaƙi cikin inji. An toshe bakinsa da ƙwallon dabino, robar ta tsage, iska na shiga.

Na gane aikin. Yaya bai taɓa rabuwa da dabino ba, bai kuma taɓa yarda da bakanike ba.

Na ce, "A bar shi yadda yake."

Ya ce, "To Malam, zaɓi ɗaya: ko ta kai ka Roni, ko mu buɗe gidan tarihi."

Ya wanke bawul ɗin, ya sa sabon tiyo, ya tsotsa da baki ya ji yana riƙe iska. Inji ya kwanta luf.

Na kama hanya ni kaɗai, ƙwallon na aljihuna. Da motar ta yi shiru, sai na lura da faɗin kujerar gefe.

Ku ma akwai tarkacen da kuka kasa jefarwa saboda hannun da ya taɓa shi?