Kwalaben Da Na Wanke Tas

Kwana biyar ke nan wani abu yana ci min rai. Ku saurara, jama'a.

Wata rana wata mata mai 'ya'ya biyar, mai aikin wanke-wanke a wani ɗakin gwajin jini, ta ga ƙananan kwalabe jere a kan tebur, cikinsu da ɗan yauƙi-yauƙi.

Ta ce a ranta, kai, yaran zamani da ƙyuya! Ta sa sabulu da ruwan zafi, ta dirje su ɗaya bayan ɗaya har suna ƙyalli, ta mayar inda ta same su.

Washegari Rakiya, ma'aikaciyar gwajin, ta yi aiki da su wajen auna insulin na mata masu ciki su arba'in. Insulin ɗin nan shi ke daidaita sukari a jini.

Sakamako ya fito, duka arba'in ɗin insulin ɗinsu ya nuna ƙasa warwas. Ogan ɗakin gwajin ya ce ba zai yiwu ba. A kira matan a sake ɗibar jini, ita kuma Rakiya ta jira takardar hukunci.

Mai wanke-wanken nan ta tarar da Rakiya tana kuka, ta ce, "Haba 'yata, mene ne? Ko kwalaben ne ba su fita ba? Ai da hannuna na dirje yauƙin nan."

Rakiya ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Iya, yauƙin ni na shafa da gangan! Insulin manne wa gilashi yake yi. In babu wannan shafin, a jikin kwalba yake tsayawa, na'ura ba ta ganinsa!"



Rakiya ta share hawaye ta ce, "Ki yi shiru, Iya. Ni ce ban rubuta 'kar a wanke' a jikin kwalaben ba. Ke kina da yara."

An dakatar da Rakiya wata uku. Ba ta kama sunan kowa ba.

Jama'a, matar nan ni ce.

Darasi: a wurin aikin da ba ki san kansa ba, tambaya kafin ki taɓa, ko da kuwa wankewa za ki yi.

Ku tura wa duk mai shara ko wanke-wanke a asibiti. Sannan don Allah ku faɗa min, Litinin in shiga ofishin oga in faɗi gaskiya, ko in riƙe bakina kamar yadda yarinyar nan ta roƙe ni?