Gurbi na Uku a Kaset ɗin Yaya

Muna yara a Talata Mafara, maƙwabcinmu wani ma'aikacin gona ne Kirista, mutumin kudancin Kaduna. Da aka yi masa canjin wurin aiki, matarsa ta shigo sallama da Inna, ta bar mana injin gem ɗin 'ya'yanta da kaset huɗu a cikin ledar burodi. Ta ce sun girma, kuma motar kaya ta cika.

Cikin kaset ɗin akwai wanda ke ajiye inda ɗan wasa ya tsaya. Gurbi uku ne da shi. Na farko na Yaya, na biyu nawa, ni ban taɓa wuce wata gada da ke cikin gem ɗin ba. Na uku kuwa wata rana muka tarar da shi an rubuta AAA, kuma kullum gaba yake yi, har ya kai ƙofar dodon ƙarshe. Yaya ya ce nasa ne na sirri, yana buga shi in an aike ni. Na yarda, don a lokacin ko cewa ya yi shi ya haƙa rijiyar gidanmu zan yarda.

Injin ya ƙone tuntuni, amma labarin bai ƙone ba. Yaya ya yi aure, ya zama malamin makaranta a Maradun, gemu ya yi furfura, amma ko a taron suna in hira ta yi daɗi sai ya jawo zancen yadda ya kai ƙarshen gem da hannu ɗaya.

Bara na ji cewa waɗannan kaset suna da ɗan batir a ciki, ranar da ya mutu duk abin da aka ajiye ya tafi. Na kuma ji akwai wata na'ura, ba ta kai tafin hannu ba, da ake soka kaset a bakinta, a jona da kwamfuta, ta kwafe gem ɗin da ajiyarsa. Na yi odarta. Sai da ta yi wata biyu a hanya, direban da ya kawo ta daga Gusau ya rantse cajar waya ce.

Na tafi da ita Bakura, inda Inna take zaune wajen ƙanwarmu. Yaya ya iso da hantsi a kan babur, kaset ɗin naɗe cikin tsohuwar hula. Bayan mun gaisa har an tambayi awaki, na soka kaset. Shiru. Yaya ya fizge, ya hura masa iska kamar mai fifita garwashi.

"An ce hurawa na sa shi tsatsa," na ce.

"Waɗanda suka ce haka sun taɓa kai ƙarshe?"

Na goge bakin kaset ɗin da auduga da ɗan sifirit, ya kama. Yaya ya ce iskarsa ce ta yi aiki a makare. Muka buɗe a kwamfuta, sai ga gurbi uku nan daram, har da AAA.

"Bisimilla, Yaya," na miƙa masa hannun gem ɗin da na saya tare da na'urar.

Ya gyara zama, ya naɗe hannun riga, ya shiga gurbin AAA. Dodo ya kashe shi kafin ya yi taku biyar. Ya ce hannun na zamani ne, ba shi da nauyi. Ya sake, aka sake kashe shi. A karo na shida ya ce hasken kwamfutar ke shigar masa ido.

Inna na gefe a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ko ɗago sosai ba ta ce, "Ba nan aka bi ba. Koma hagu, ka laɓe bayan dutse har shi tofa wuta sau ukku."

Muka juya gaba ɗaya.

"Inna, ke ina kika san wannan?"

"Wa kuka zaton yana gida in kun tahi makaranta? In an kawo wuta da hantsi, in zauna in kalli bango? Matar maƙwabcin nan ta koya mini tun kahin su tashi."

"To AAA ɗin fa?"

"Ni na san boko? Injin ya ce in rubuta suna, na danna sau ukku ya ƙyale ni."

Ƙanwarmu ta yi dariya har ta zubar da kunu. Yaya ya cire hula ya mayar, ya ce ai shi ma ya taimaka da wasu wurare. Inna ta ce ƙwarai, shi ya taɓa kashe mata rai biyu, ta kwana biyu tana neman wanda ya yi mata ɓarna.

Ta share hannu a zani ta karɓi hannun gem ɗin. Yatsun sun yi tauri, ido ya rage, sai da na matso da kwamfutar kan turmi. Dodon ya kashe ta sau biyu, a na uku ta gama da shi, abin da ta ce tun da can ba ta samu yi ba don an ɗauke wuta sati guda sannan injin ya ƙone. Rubutu ya fara hawa sama da kiɗa. Ta tambayi me ake cewa, na ce sunayen waɗanda suka yi gem ɗin ne.

"Allah shi yi musu albarka," ta ce. "Sun wahal da mutane."

Na kwafe ajiyar a fulas na kwamfuta guda biyu, ɗaya na ba ƙanwarmu. Yaya ya tsaya ya ci tuwo, ya ƙara, sannan ya roƙe ni kada zancen ya kai Maradun kafin ya yi ritaya.