Jariran Wankan Gida da Firijin Asibiti

Mun bar Katsina bayan sallar asuba, mu uku da direba. Wasu ƙasashen waje ne suka zuba kuɗi a aikin rigakafin yara, aka turo mu mu auna inda ya ci da inda bai ci ba. A Daura muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Wani abokin tafiyata ya so mu leƙa rijiyar Kusugu, direba ya ce ba yawon buɗe ido ya fito ba.

Daga Mai'adua kwalta ta ƙare mana, muka shiga yashi. Babura ɗauke da buhunan gero suna ta wuce mu, har masu su na ɗaga mana hannu don tausayi.

Ƙauyen yana dab da iyakar Nijar. Ƙaramin asibitinsa na da firijin sola na ajiye maganin rigakafi da aikin ya ba shi, kuma an yi niyyar ɗauke shi, domin ma'aunin aikin shi ne yawan yaran da suka kammala allura. A nan kuwa jarirai da yawa suna farawa, kaɗan ke ƙarasawa. Ma'aikaciyar asibitin ta tare mu da fura.

Muka bi gida-gida neman yaran. A gidan farko da muka tambayi mai jegon, wani dattijo ya ce, "Ai ta koma ɗakinta, Malam. Wanka ta zo yi." Haka muka ji a na biyu da na uku. Ashe 'yan matan garin da yawa a tsallaken iyaka suke aure. Haihuwar fari a gaban iyaye ake yi, a yi wa jariri allurar farko, in an yi arba'in miji ya zo da babur ya ɗauki iyalinsa. Sauran alluran a can ake yi.

Da za mu tafi, ma'aikaciyar ta biyo mu har mota.

"Yallaɓai, za a bar mana firijin?"

Na ce za mu rubuta abin da muka gani. Mun rubuta kuwa, dalla-dalla.

Mun iso gida da magariba, jiki duk ya yi tsami. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne ma'aunin da aka yanka a ofis a bakin iyaka yake tsayawa, aure kuwa wucewa yake. Bayan 'yan makonni aka yaba wa rahotonmu, aka ce ƙa'ida ƙa'ida ce, aka kwashe firijin. Na ji haushi ƙwarai. Daga baya wani abokin aiki ya gaya mini masu ba da kuɗin nan dai sun karrama asibitin tsallake, saboda yaransa ba sa fashin allura.